Yaron da ya koyi baƙaƙe a waya: abin da manhaja ba za ta koya masa ba

A gidaje da dama, ƙaramin yaro kan haddace A, B, C tun kafin a sa shi makaranta, saboda yawan kallon bidiyo a wayar yayansa. Abin farin ciki ne, amma gane harafi daban, iya rubuta shi daban.

A 2012, masaniya Karin James ta Jami'ar Indiana da ke Amurka ta wallafa wani bincike da aka yi kan yara 'yan shekara 5 waɗanda ba su fara karatu ba. An sa su rubuta haruffa da hannu, ko su bi sawunsu, ko su danna su a kwamfuta. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa sassan da ke aikin karatu sun fi motsawa bayan yaro ya rubuta harafin da kansa. Ke nan yaron da yatsansa ya saba da shafa fuskar waya kawai yana buƙatar fensir da takarda, ko alli, ko ma tsinke da rairayi.

Matsala ta biyu ita ce harshe. Yawancin manhajojin koyon karatu na Turanci ne, suna koyar da sunan harafi. A Hausa kuwa da sauti ake haɗa baƙi: ba, be, bi, bo, bu. Yaron da ya san C a matsayin "si" zai rikice in ya ci karo da "ciki", kuma bai taɓa ganin ɓ, ɗ da ƙ ba. A nan yayye ke da rawar takawa: shafin African Storybook na da littattafan yara na Hausa kyauta, waɗanda za a sauke a karanta tare, a sa yaron ya kwafi kalma biyu ko uku a takarda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin. Manhajar Family Link ta Google na ƙayyade lokaci a Android, Guided Access kuma na kulle iPhone a kan manhaja guda. Idan lokacin ya cika, sai a karɓi waya a miƙa masa fensir.