INJIN YANKAN CIYAWA: AMFANINSA DA HATSARINSA

Ya ku manoman auduga, ga bayani a kan injin yankan ciyawa, irin wanda a ke ratayawa a kafaɗa. 'Yan'uwanmu na zangon Nima da Maamobi a Ankara sun saba ganinsa a hannun masu gyaran gefen titi da filayen makarantu. Mu kuwa da ke noman auduga a arewacin Gana, wajen Tamale da Wa da Tumu, in wani ya aiko mana da shi, ko mun karɓo haya, wajibi ne mu san kansa tukuna. Ya fi langalanga sauri nesa, amma ɓarnarsa ma ta fi ta langalanga sauri.

BAKINSA IRI BIYU NE

Akwai bakin igiyar roba, akwai na wuƙar ƙarfe. Na igiya wani Ba'amurke ne, George Ballas na birnin Houston, ya ƙago shi a 1971. Aikinsa yankan ɗanyar ciyawa a lambu da gefen gona da kewayen rumbu. Na wuƙa don tsohuwar ciyawa ne da sabara da karan auduga. Kada ka ɗaura waya ko sarƙa a madadin igiya. In ta tsinke, ta kan fita kamar harsashi.

KAFIN KA TA DA SHI

1. Ka zaga wurin, ka tsince duwatsu da kwalabe da guntayen ƙarfe. Duk abin da bakin injin ya taɓa sai ya wurgo shi.

2. Ka kori yara da awaki su yi nisan mita 15, watau kamar taku 20. In wani ya matso, ka tsaya.

3. Ka sa tabarau na kare ido, da abin toshe kunne, da dogon wando, da rufaffen takalmi mai kauri. Ban da silifa, ban da babbar riga ko rawani mai lilo.

4. Ka duba wuƙar. In ta tsage, jefar da ita. Marfin da ke bayan bakin injin kuwa garkuwarka ce, kada ka cire shi.

5. Yawancin injinan nan a kan gauraya musu fetur da man 2T. Ma'aunin da aka fi yi shi ne kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, watau mililita 100 a lita 5. Amma ka bi abin da takardar injinka ta ce. Fetur zalla ya kan kashe injin.

6. Kada ka zuba mai injin yana da zafi, ko kusa da taba ko murhu. In ka zuba, ka matsa mita 3 daga wurin, sa'an nan ka ta da shi a ƙasa. Kada ka ta da shi cikin ɗaki, hayaƙinsa yana kisa.

YADDA A KE YANKA

Ka gyara maratayin har bakin injin ya daidaita kusa da ƙasa, ka riƙe da hannu biyu. A injin mai miƙaƙƙiyar sanda wuƙar tana juyawa ta hagu, saboda haka ka yanko daga dama zuwa hagu, ciyawar ta zube inda ka riga ka share. Ka ɗauki wuƙar kamar fuskar agogo. Gefen da ke tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 3 shi ne mai hatsari: in ya bugi kututture, injin ya kan fizge daga hannunka.

In ciyawa ta naɗe bakin, ka kashe injin, ka jira wuƙar ta tsaya cik, ka zare wayar fulogi, kana ka sa hannu. Da hunturu ka yi hattara, gama wuƙa in ta bugi dutse tana ba da tartsatsi, busasshiyar ciyawa kuwa ba ta da wuyar kamawa.

A GONAR AUDUGA

Kada ka shiga tsakanin kunyoyi da injin nan sa'ad da auduga ke tsaye. Igiyar tana saɓe ɓawon tsiron, in kuwa ta zagaye shi sai ya bushe. Haka ta ke yi wa ƙananan mangwaro da zogale a lambu. Noman cikin kunya aikin fartanya ne.

Babban amfaninsa bayan tsinkar auduga ne. Jar tsutsar auduga ta kan kwanta rani cikin ƙwallayen da suka saura a jikin kara, ta jira shuka mai zuwa. To, da ka gama tsinka, ka sare karan da bakin wuƙa, ka tara su tsakiyar gona, ka ƙone. Amma ka lura, injin ba ya fid da saiwa. Kututturen da aka bari ya kan tofo, ƙwari su sami abincin rani. Saboda haka sai ka bi baya da magirbi, ka tone shi duka, ka haɗa a wuta.

Ka yi wa maƙwabcinka magana shi ma ya yi haka, gama tsutsar gonarsa ba ta san iyaka ba. Abin da ya shige maka duhu, ka tambayi malamin gona na yankinku.