Ɗaga ƙafar Hilux da jif: Abin da ke sa motar cin taya da rawar sitiyari

Duk wanda ke bin hanyoyin karkara a Arewacin Najeriya, ko hanyar Agadez zuwa Dirkou a Jamhuriyar Nijar, ya san dalilin da ya sa masu Hilux da Land Cruiser ke son motarsu ta yi tsayi. Ramuka, kwazazzabai, rairayi da ruwan damina duk suna neman cikin mota, kuma kaya idan ya yi nauyi sai bayanta ya durƙusa.

Shi ya sa da yawa ke zuwa gareji a sa musu dogon sifirin, ko a cusa ƙarfe a saman shokabzoba, sannan a ɗora manyan tayoyi. Motar takan fito da kwarjini. Sai dai bayan 'yan makonni ake fara ƙorafi: tana ja gefe guda, sitiyari ba ya dawowa bayan kwana, sabuwar taya kuma ta cinye ta gefe ɗaya.

Galibi tushen matsalar shi ne saitin ƙafa, abin da makanikai ke kira alaimen.

Kusurwoyi uku da ke riƙe da mota

Tayar mota ba a miƙe ƙyam take tsaye ba. Kamfani ya tsara mata kusurwoyi uku, kuma kowacce da aikinta.

Ta farko ita ce to-in. Idan aka kalli tayoyin gaba daga sama, ana duba ko bakinsu ya ɗan karkato ciki ko ya buɗe waje. Wannan ce ta fi saurin cin taya.

Ta biyu ita ce kamba. Idan ka tsaya a gaban mota, za ka ga ko saman tayar ya jingina ciki ko waje. Idan ta wuce ƙa'ida, gefe ɗaya na tayar ne ke ɗaukar nauyi, shi ne kuma zai riga ƙarewa.

Ta uku ita ce kasta, wadda ido ba ya gani da sauƙi. Dubi ƙafar gaban keke ko babur, yadda ta kwanta baya maimakon ta tsaya a miƙe. Wannan kwanciyar ce ke sa abin hawa ya riƙe hanya, sitiyari kuma ya dawo tsakiya da kansa.

Lissafi kaɗan zai nuna girman abin. Tayar da ta kauce da digiri 1 kacal tana gogar kwalta ta gefe kimanin mita 17 a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kusan kilomita 230, gugar ta kai kusan kilomita 4. Babu tayar da za ta daɗe a haka, komai tsadarta.

Me ke faruwa idan aka ɗaga Hilux?

Hilux da aka ƙera daga 2005 zuwa yau, da Prado, kowace tayar gaba tana rataye ne da hannaye biyu, na sama da na ƙasa. Idan aka ɗaga motar, ko da santimita 5 ne, hannayen sukan sunkuya ƙasa fiye da yadda aka tsara su. Nan take kamba ta canza, kasta ta ragu, to-in ma ya kauce.

Akwai kusoshin saiti a jikin hannun ƙasa da ake juyawa a gyara kamba da kasta, amma suna da iyaka. Idan ɗagawar ta yi yawa, sai a juya su har ƙarshe ba a kai ƙa'ida ba. A nan ne ake buƙatar canza hannun sama da wanda aka ƙera don motar da aka ɗaga. Wata matsalar kuma, kusoshin kan ci tsatsa su maƙale a cikin bushin, musamman a motar da ke shiga ruwa da laka, har sai an yanke su an sa sababbi.

Ba saiti kaɗai ke shan wahala ba. Shaf ɗin da ke kai ƙarfi tayoyin gaba yakan koma aiki a karkace, robarsa ta yage, giris ya zube, ƙasa ta shiga. Boljoyin na sama ma yakan kai ƙarshen motsinsa idan taya ta faɗa rami.

Tsofaffin Hilux na tsakanin 1997 da 2005 masu jan ƙafa huɗu sun fi sauƙin ɗagawa, domin sandar ƙarfe mai murɗewa ce ke riƙe da gabansu, ɗaure noti kawai ake yi. Sauƙin ne ke yaudarar mutane, sai a ɗaure a tafi ba a yi saiti ba.

Masu gatari guda a gaba

Land Cruiser samfurin 70 da 80, da Nissan Patrol Y61, da Jeep Wrangler, tayoyinsu na gaba suna kan gatari guda ne mai ƙarfi. A irin waɗannan kamba ba ta cika canzawa ba, amma kasta tana raguwa, saboda hannayen da ke riƙe da gatarin suna juya shi yayin da bodi ya yi sama.

Akwai kuma sandar da ke kwance a gicciye tana hana gatarin zamewa hagu ko dama. Da zarar an ɗaga motar, sandar takan janyo gatarin gefe guda, sai ka ga taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta leƙowa waje, sitiyari kuma ya karkace. Maganin shi ne sanda mai saiti da bushin na gyaran kasta.

Idan ƙarancin kasta ya haɗu da bushin da ya mutu ko noti mai sako-sako, ana iya samun mummunar girgizar da masu Jeep a Amurka suka yi wa laƙabi da girgizar mutuwa. Mota na cikin gudu ta taka rami, sai gabanta ya kama kakkarwa, ba ya dainawa sai an rage gudu sosai. Sa sabon shokabzoban sitiyari yakan ɓoye alamar ne kawai, ciwon yana nan.

Batun ya wuce kuɗin taya

Motar da ta yi tsayi ta fi saurin kifewa, domin nauyinta ya koma sama. A 2016 mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Teknikens Värld, ta gwada sabuwar Hilux a gwajin kauce wa dabba a kan hanya, inda tayoyinta biyu suka tashi sama a gudun kilomita 60 a awa. Wannan motar da ba a taɓa ƙafarta ba ke nan. Sai a auna wadda aka ƙara wa tsayi, aka lafta mata jarkoki da buhuna da mutane a sama.

A Ostireliya, inda ake yawan ɗaga irin waɗannan motoci, hukuma ta sa iyaka. Ƙa'idar ƙasar ta ba da damar ƙarin milimita 50, wasu jihohi har 75 idan an haɗa da taya, abin da ya wuce haka sai da shaidar injiniya.

Manyan tayoyi ma suna da nasu tasiri. Wanda ya cire 265/65R17 ya sa 285/70R17 ya ƙara girman taya da kusan kashi 7 cikin 100. Idan agogon gudu ya nuna 100, motar tana kan 107 ne, birki kuma zai ƙara wahala wajen tsayar da ita.

Taya na faɗar ciwonta

Shafa tafin hannu a kan tayar gaba. Idan ka ji kaifi kamar haƙoran zarto ta ɓangare ɗaya, to-in ne. Idan gefe guda ya sule sumul, kamba ce. Cinyewar tsakiya yawan iska ne, cinyewar gefe biyu kuma ƙarancinta. Idan tayar ta yi tudu da kwari, a duba shokabzoba.

Rawar sitiyari a wani takamaiman gudu galibi balansin ne, wanda aiki ne daban da alaimen. Haka kuma barin Hilux a giyar jan ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta yana sa sitiyari tauri da cin taya.

Kafin ka biya kuɗin alaimen

A fara daidaita iskar tayoyi, a tabbatar girmansu ɗaya. A duba boljoyin, tayarod, bushin da boris, domin saiti ba ya zama a kan kayan da suka mutu.

A ɗaure kusoshin bushin bayan an sauke motar a kan tayoyinta, ba tana rataye a jak ba, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri.

A yi saitin da nauyin da motar ta saba ɗauka. Mai ƙarfen kariya a gaba ko ƙarin tankin mai ya je da su.

Igiya da ma'auni na gefen titi na iya gyara to-in, amma kasta sai na'ura. Ka nemi a buga maka takardar sakamako, ka ga lambobin kafin gyara da bayansa, hagu da dama su yi kusa da juna. Mota takan ja zuwa ɓangaren da kastarsa ta fi ƙanƙanta.

Sababbin motoci masu na'urar hana santsi suna buƙatar a sake saita na'urar sitiyari da kwamfuta. Fitilun gaba ma a sunkuyar da su, don kada su kashe wa masu tahowa ido.

Sabon sifirin yakan ɗan zauna bayan tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, don haka a koma a sake aunawa. Mai shirin ɗaga motarsa ya sa kuɗin wannan aiki duka a cikin lissafi tun farko. Idan kuɗin ba zai kai ba, ya fi sauƙi a tsaya a ƙaramin tsayi da tayoyi masu inganci, da a riƙa sayen sababbi duk bayan 'yan watanni.