Rariya Mai Hawa Uku: Yadda Indiya Ke Zaɓen Jakadunta

Gabatarwa

Aikin jakadanci aiki ne na wakiltar ƙasa a wajen wata ƙasa, da kare 'yan ƙasar da ke zaune a can, da sasantawa a madadin gwamnati, kamar yadda Yarjejeniyar Viyana ta 1961 ta zayyana. Saboda nauyinsa, kowace ƙasa tana da hanyar tace waɗanda za ta danƙa wa wannan amana. Wannan maƙala za ta duba hanyar da ƙasar Indiya ke bi, wadda ke cikin mafi tsawo da tsanani a duniya, domin a ga abin da kowane mataki yake aunawa.

Asalin Tsarin

Ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa tsohuwar al'ada ce a ƙasar Sin, inda aka yi fiye da shekara 1,000 ana yin ta kafin a soke ta a 1905. Turawan Ingila sun fara irin wannan gasa a Landan a 1855 domin samar da ma'aikatan mulkin Indiya, kuma bayan samun 'yanci a 1947 Indiya ta ci gaba da tsarin. An kafa sashen aikin jakadancinta a 1946. A yau hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya, wadda aka fi sani da UPSC, ita ke shirya jarrabawa guda wadda daga cikinta ake fitar da jami'an mulki, da manyan 'yan sanda, da jami'an haraji, da na jakadanci. Wajibi ne mai nema ya mallaki digirin farko, a kowane fanni.

Hawa na Farko

Matakin farko takardu biyu ne na zaɓen amsa, ana yin su a rana guda. Ta farko tana da tambayoyi 100 a kan tarihi, da labarin ƙasa, da tattalin arziki, da kimiyya, da al'amuran yau da kullum, kowace tambaya da maki 2 da amsoshi huɗu. Wanda ya zaɓi amsar da ba daidai ba, ana cire masa kashi ɗaya cikin uku na makin tambayar.

Akwai lissafi a bayan wannan ƙa'ida. A ɗauka ɗalibi ya yi canke a tambayoyi 12. Bisa ƙa'idar yiwuwa, zai dace a 3, ya sami maki 6; zai kuma kuskure a 9, a cire masa maki 6. Ke nan ya tashi a tutar babu. Amma da ya san abin da zai sa ya kawar da amsoshi biyu daga kowace tambaya, zai dace a 6, ya sami maki 12, a cire masa 4 kawai. Wato tsarin yana hana cin riba da sa'a zalla, yana kuma saka wa mai ilimi ko da bai cika ba. Makin wannan mataki ba ya shiga lissafin ƙarshe. Aikinsa rage yawa ne kurum.

Hawa na Biyu da na Uku

Mataki na biyu rubutu ne da hannu: takardu tara, kowace ta awa uku. Biyu na harshe ne, ana bukatar a ci su kawai. Sauran bakwai, masu maki 250 kowace, sun haɗa da insha'i, da takardu huɗu na ilimi gama-gari, ciki har da hulɗar ƙasashe da ɗa'ar aiki, da biyu a fannin da mutum ya zaɓa. A nan ana auna iya tsara hujja cikin ƙanƙanen lokaci, wanda shi ne aikin jami'in da ke aika rahoto gida daga ofishin jakadanci.

Mataki na uku ganawa ce da kwamiti, mai maki 275, inda ake duban natsuwa da hangen nesa da iya magana. Jimillar maki 2,025 ce, kuma da ita ake jera sunaye. Matsayin mutum a jerin, da zaɓin da ya yi tun farko, su ke nuna sashen da zai faɗa.

A zagayen 2024, kusan mutum miliyan 1 ne suka nema, fiye da 580,000 suka zauna matakin farko, kimanin 14,600 suka haye, kimanin 2,800 suka kai ga ganawa, aka ɗauki 1,009. Guraben jakadanci 55 ne kacal. Zagaye guda yakan ci fiye da shekara.

Bayan Nasara

Cin jarrabawa ba ya mai da mutum jakada. Sai ya yi horon share fage a makarantar ma'aikata ta Mussoorie, sa'an nan ya wuce cibiyar horar da jami'an jakadanci ta Sushma Swaraj a birnin Delhi. Daga nan a ba shi harshen waje na dole, kamar Larabci ko Faransanci ko Sinanci, a tura shi inda ake magana da shi a matsayin sakatare na uku. Subrahmanyam Jaishankar ya shiga aikin a 1977, bai zama babban sakataren ma'aikatar ba sai 2015, ya kuma zama ministan harkokin waje a 2019. C. B. Muthamma, mace ta farko da ta shiga aikin a 1949, sai da ta kai ƙara Kotun Ƙoli a 1979 a kan dokokin da ke danne mata ma'aikata.

Kammalawa

Tsarin yana da tsada ga matasa. Da yawa daga cikin masu nema an ƙayyade musu gwaji shida tsakanin shekara 21 zuwa 32, kuma duk wanda ya faɗi a ganawa sai ya koma matakin farko. Da yawa sukan ƙarar da ƙuruciyarsu a ɗakunan haya na Delhi, su fita hannu rabbana, ba don rashin ƙwazo ba sai don ƙarancin gurbi. Saboda haka mai hankali ba ya zubar da ruwan tulu don ya ga hadari. Yakan riƙe wata sana'a a gefe.

Darasin da ɗalibai da malamai za su ɗauka shi ne, abubuwan da rariyar ke nema, wato faɗin karatu, da tsabtar rubutu, da ƙwarewa a harshe, ba a tara su a wata shida. Tun daga aji ɗaya na sakandare ake fara su.