Gyambon Baki: Wanda Ke Warkewa da Kansa da Wanda Ba Ya Jira

Ƙaramin miki ne wanda sau da yawa bai kai ƙwayar wake ba, tsakiyarsa fari ko rawaya-rawaya, gefensa ja. Amma idan ya fito a cikin leɓe, ko kumatu, ko ƙarƙashin harshe, sai ya hana babban mutum cin tuwo da miyar yaji, har magana ma ta zama aiki. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin mutum ɗaya cikin biyar na fama da wannan gyambo jefi-jefi, kuma tun zamanin Hifokiratis, likitan Girka, aka san shi da sunan afta.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne ba a ɗaukarsa. Ya sha bamban da ƙurajen nan masu ruwa da kan fito a wajen leɓe bayan zazzaɓi, waɗanda ƙwayar bairos ke haddasawa. Shi wannan, garkuwar jikin mutum ce da kanta ke far wa lallausar fatar cikin baki. Gado yana da hannu a ciki, kuma akan sami abin da ke tayar da shi: cizon kumatu, kaifin karyayyen haƙori, dirzar burushi ko asuwaki da ƙarfi, damuwa irin ta lokacin jarrabawa, ko ƙarancin sinadarin ƙarfe da folik asid da bitamin B12 a jiki. Ga wasu kuwa, sinadarin da ke sa man goge baki kumfa, watau SLS, shi ne mai laifin. Wani abin mamaki, waɗanda suka daina shan taba kan yi fama da shi na ɗan lokaci, ko da yake wannan ba hujja ba ce ta komawa ga taba.

Kashi 80 cikin 100 na masu wannan larura ƙaramin nau'i suke samu, wanda faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba, yakan kuma warke cikin kwana 7 zuwa 14 ba tare da tabo ba. Saboda haka aikin magani a nan rage raɗaɗi ne da taƙaita kwanaki. Kurkure baki da ruwan ɗumi mai rabin cokalin shayi na gishiri yana taimakawa, haka ma ƙaurace wa barkono da lemun tsami da abinci mai zafi. A kantin magani ana samun ruwan kuloheksidin, da man shafawa mai kashe zafi irin su lidoken. Idan abin ya tsananta, likita kan rubuta man sitiroyid, wanda ya fi aiki idan an shafa shi tun ranar da aka fara jin ƙaiƙayin. Zuma ma ba a bar ta a baya ba, domin wani gwaji da aka buga daga Saudiyya a 2014 ya nuna ta rage zafin, sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

Akwai dabarun da ke ƙara ɓarna. Ɗora ƙwayar asfirin a kan gyambon ƙone fatar yake yi, ya mai da ƙaramin miki babba. Fasa kafso a barbaɗa shi ma ganganci ne, musamman ga yara, tun da tetrasaikilin na rina haƙoran da ba su gama ginuwa ba.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne gane gyambon da ba na yau da kullum ba. Duk mikin da ya wuce mako uku bai warke ba, tilas likita ya gan shi, ko da ba ya zafi. Hasali ma rashin zafin da taurin gefe su ne suka fi tayar da hankali, domin haka ciwon dajin baki kan soma, musamman ga masu shan taba da giya. Idan kuma gyambon na yawan dawowa tare da miki a al'aura ko ciwon ido, ana zargin cutar da likitan Turkiyya Hulusi Behçet ya bayyana a 1937. Manyan gyambuna masu naci kan sa a nemi gwajin jini, har da na cuta mai karya garkuwar jiki.

Ƙa'idar mako ukun nan ba ta shafi ƙaramin yaro mai tamowa ba. Idan ɗan shekara biyu zuwa shida, musamman wanda ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, ya sami miki a dasashi, bakinsa na wari, kuncinsa ya kumbura, to ana tsoron cutar noma ce, wadda kan cinye nama da ƙashin fuska cikin 'yan kwanaki. A matakin farko, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki na iya tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan cuta tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Yaro mai irin waɗannan alamu, a ranar da aka gan su ake kai shi asibiti.