JITAR HANNU TA ƘASAR SIFEN: ASIRIN YANA GA YATSU

A shekara ta 1862 wani kafinta a birnin Sebil na ƙasar Sifen, wanda Larabawa suke kira Ishbiliya, ya yi wani abu da ya ba abokan sana'arsa mamaki. Ya ƙera jita, ya yi mata baya da gefe da kwali, fuskarta kaɗai ya yi da katako na ƙwarai. Da aka ɗaura mata tsirkiya aka kaɗa, sai ga murya tana fita tangaran. Sunan wannan kafinta Antonio de Torres, kuma wannan jita ta kwali tana nan ajiye a gidan adana kayan kiɗa na birnin Basalona.

Abin da Torres ya so ya nuna wa jama'a shi ne, muryar jita a fuskarta take, watau wannan siririn allo da tsirkiya take hawa a kansa. Duk wanda ya san garaya ko molo ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin aikin da fata take yi a bisa ƙoƙon garaya shi ne allon yake yi a jita. In fata ta yi kauri murya ta dushe, in ta yi sanyi ta yage. To haka allon yake, sai dai shi ba a ɗame shi, fere shi ake yi har ya kai inda ake so.

WANE NE TORRES

An haifi Torres a 1817 a wani ƙauye kusa da Almeriya, a kudancin Sifen, ƙasar da littattafan tarihi suke kira Andalus. Kafinta ya fara koyo tun yana yaro, daga baya ya koma ƙirar jita, ya zauna a Sebil. Jitar da ya tarar ƙarama ce, mai siririn jiki, muryarta ba ta wuce ɗaki. Shi ne ya faɗaɗa jikinta, ya rage kaurin fuskarta, ya kumbura ta kaɗan, sa'an nan ya tsaya a kan tsawon tsirkiya milimita 650 a yawancin manyan jitocinsa. A 1858 ya sami lambar tagulla a wani baje koli da aka yi a Sebil. Shahararren makaɗi Francisco Tarrega da jitar Torres ta 1864 ya yi shekaru yana kiɗa. Siffar nan da ya fitar ita ce maƙera suke bi har wa yau.

ZAƁEN KATAKO

Aikin jita daga daji yake farawa. Fuska da katakon sufurus ake yi, wani itace mai tsawo da ke fitowa a duwatsun Turai masu sanyi, inda itace ba ya saurin girma. Saboda wannan jinkiri zanen shekarunsa yakan fito a matse, katakon ya zama mara nauyi amma mai ƙarfi. Tun wajen 1965 gidan Ramirez na Madrid ya yaɗa amfani da jan katakon sida na Amurka ta Arewa, kuma yau duka biyun ana aiki da su.

Baya da gefe kuwa da rozwud na Barazil ko na Indiya ake yi, ko kuma da saifires na ƙasar Sifen ɗin kanta, wanda makaɗan falamenko suka fi so. Wuya da wani sida mai ƙamshi na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ake sassaƙawa. Baƙin allon da yatsu ke dannawa kuma eboni ne, ɗan'uwan kanyar nan da muka sani, kuma da yawansa daga dazuzzukan Kamaru yake fitowa. Babu ɗaya daga cikin katakan nan da ake taɓawa yana ɗanye. Maƙeri yakan jera su a rumbu shekara da shekaru suna shan iska, har ma wani yakan yi aiki da katakon da ubansa ya saya.

AIKIN FUSKA

Allo biyu ake haɗawa su zama fuska, waɗanda aka tsaga daga gungume ɗaya aka buɗe su kamar littafi, don zanen dama ya yi daidai da na hagu. Maƙeri yana fere bakin kowanne, ya haɗa su ya ɗaga sama yana duba ko haske zai ratsa. In ya ga ko da ƙyallin haske, sai ya sake ferewa. Gam ɗin da ake liƙawa da shi na fatar dabba ne, ana narka shi da ruwan ɗumi, a shafa da zafinsa. Amfaninsa biyu ne: in ya bushe yakan yi tauri kamar gilashi, ba ya danne murya, in kuma ana son gyara bayan shekaru, ɗumi da danshi sun isa su sake shi ba tare da an fasa katako ba.

Daga nan sai a yanke ramin tsakiya, a kewaye shi da adon ƙananan gutsattsarin itace masu launi, irin aikin da masu sana'ar Garnaɗa suka gada tun zamanin Musulmin Andalus. Sa'an nan a shiga babban aiki, watau rage kauri. Ana fere allon har ya koma kamar milimita biyu zuwa biyu da rabi, gefe ya fi tsakiya sirantaka. Babu awo guda da ya dace da kowane allo, domin ko itatuwa biyu da suka tsiro kusa da juna ba ƙarfinsu ɗaya ba. Saboda haka maƙeri yana fere kaɗan ya tsaya, ya lanƙwasa allon tsakanin yatsunsa, ya riƙe shi kusa da kunne ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya sake ferewa.

Mai karatu zai tambaya, yaya allon da bai kai kaurin kwabo biyu ba zai jure jan tsirkiya shida, wanda ya kai kimanin kilo 40? Amsar tana ta ciki. A bayan allon ana liƙa siraran sanduna bakwai a baje kamar yatsun hannu, da biyu masu kauri a gicciye, ɗaya sama da ramin ɗaya ƙasa da shi. Su ma sandunan bayan an liƙa su sai a bi su da kurfi ana ragewa. In an bar su da nauyi jita ta zama bebiya, in an wuce gona da iri fuska ta lotsa cikin 'yan shekaru. Tsakanin waɗannan biyu gwaninta take.

HAƊAWA

Mutanen Sifen suna haɗa jita a kife, a bisa wani faifan katako mai ɗan zurfi a tsakiya, wanda shi ke ba fuska kumburinta. Wuya da gindinsa daga katako ɗaya suke, a tsaga gindin ta dama da hagu. Allunan gefe kuwa ana jiƙa su, a riƙa goga su a jikin ƙarfe mai zafi ana lanƙwasawa da hannu sannu a hankali, har su ɗauki siffar ƙugu. Garaje a nan karaya yake kawowa. In sun lanƙwasu sai a soka bakinsu cikin tsagar gindin wuya, a liƙa su da fuska da ƙananan gutsattsarin katako, ɗaya bayan ɗaya, har a kewaye. Bayan haka a rufe da allon baya, a ɗaure tamau da igiya a bari gam ya kama.

Maƙeri ba ya rufe jita a ranar da iska take da laima, domin katako yana shan danshi ya kumbura, in ya bushe ya tsuke ya tsage. Wanda ya taɓa ajiye jita a ƙasar Hausa lokacin hunturu ya san wannan.

Ƙarafa 19 ake gicciyawa a wuya, kuma nan lissafi ne tsantsa. Ana raba tsawon tsirkiya da 17.817, abin da aka samu, watau kamar milimita 36 da rabi, shi ne wurin ƙarfe na farko. A cire wannan, a sake raba saura, haka har ƙarshe. Ƙarfe na 12 zai faɗo daidai tsakiyar tsirkiya. Daga nan sai a liƙa jaki, a ɗora masa ƙashi inda tsirkiya za ta hau.

Aiki na ƙarshe shi ne shafe. Ana amfani da shalak, wani ƙaro da wasu ƙananan ƙwari suke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan. Ana narka shi a sifirit, a ɗiga a ƙunshin tsumma, a riƙa zagayawa a jikin katako ana bari yana bushewa, makonni ana yi. Shafen yakan fito siriri ƙwarai, ba ya ɗaure fuska. Tsirkiya da can ta hanjin tumaki ce da alharini, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu Albert Augustine ya fito da ta nailan a Amurka, da ƙarfafawar makaɗi Andres Segovia.

ABIN DA KE BARAZANA

Abu biyu suke iya kashe wannan sana'a. Na farko itace. Rozwud na Barazil an sare shi har ya kusa ƙarewa, shi ya sa a 1992 yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare tsirrai da dabbobi ta haramta cinikin sabon yankansa tsakanin ƙasashe. A 2017 aka sa sauran danginsa a ƙarƙashin lasisi, ko da yake a 2019 an sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka ƙera. Eboni ma ya sha sara, domin a da masu yanka sukan bar itacen da suka kayar ya ruɓe a daji in sun ga cikinsa ba baƙi ƙirin ba ne. A 2011 kamfanin Taylor na Amurka da Madinter na Sifen suka sayi wata ma'aikatar yankan eboni a Yawunde, suka fara karɓar mai ratsi-ratsi, kuma daga 2016 aka shiga dashensa a ƙauyukan da ke kusa da gandun dajin Dja. Amma itacen da aka dasa yau, jikoki ne za su sare shi.

Na biyu shi ne ilmin kansa. Torres ya taɓa barin ƙira wajen 1870 saboda ba ta ciyar da shi, ya buɗe kantin tangaran a Almeriya, sai a 1875 ya komo. Da tsufa ya kama shi hannunsa na rawa, wani limamin coci mai suna Juan Martinez Sirvent ya riƙa taya shi aiki. Wannan limami ne ya ba da labarin cewa an taɓa roƙon Torres ya bayyana asirinsa kafin ya mutu, shi kuwa ya amsa da cewa ba zai iya barin sa ga kowa ba, domin a kan babban yatsansa da manuni yake, su ke gaya masa ko allo ya yi. Ya rasu a 1892 da bashi a kansa.

Masu bincike irin su Jose Romanillos, wanda ya fitar da littafi a kan Torres a 1987, sun auna jitocinsa ciki da waje, kuma a 2013 aka buɗe gidan tarihin jita da sunansa a Almeriya. Awo dai ya shiga takarda, amma abin da yatsa ke ji bai shiga ba. Shi ya sa har yanzu a shagunan Garnaɗa da Madrid mai koyo sai ya tsaya kusa da maigidansa shekaru, yana ɓata allo yana sakewa, kafin a yarda ya rufe jita shi kaɗai. Masana'antu suna fitar da jita dubbai cikin arha, kuma sun yi amfani ga masu koyon kiɗa. Amma in manyan makaɗa za su hau dandamali, wurin mai zarto da kurfi suke komawa su yi layi, wani ma ya jira shekaru kafin tasa ta fito.