Neman Kakannin Da Suka Tafi Gabas Ba Su Dawo Ba

Da wuya a shiga tsohon gida a Kano ko Katsina ko Sakkwato a rasa labarin wani kaka da ya ɗauki gora da sanda ya nufi Makka a ƙafa, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Hanyar ta bi ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, bakin Bahar Maliya. Da yawa guzuri ya yanke musu a Sudan, suka tsaya aikin auduga a Jazira, suka yi aure suka hayayyafa. Waɗansu kuwa hijira suka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, suka bi ɗansa Muhammadu Bello zuwa inda garin Mai Wurno yake a yau, kusa da Sinnar.

Yanzu jikokinsu suna neman juna ta Facebook da WhatsApp, wannan ya kawo suna, wancan ya kawo hoton tsohuwar wasiƙar ajami. Mun yaba da wannan, domin sada zumunci wajibi ne.

Amma fa akwai gyara. Wani ɗan kasuwa ya zo mana da murna, wai mutum bakwai sun tabbatar masa cewa wani Malam Muhammadu da ya rasu a Sudan kakansa ne. Da muka bi diddigi, sai muka tarar duk bakwai ɗin daga bakin mutum guda suka ɗauko. A ma'aunin malaman hadisi wannan ruwaya ɗaya ce, ba bakwai ba. Su Muhammadu kuwa, nawa ne suka bi wannan hanya?

Nasaba ba abin wasa ba ce, a kanta ake raba gado, da ita ake sanin muharramai, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kashedi mai tsanani ga mai jingina kansa ga wanin ubansa yana sane. Malamanmu na Malikiyya sun karɓi shaidar ji a kan nasaba, amma da sharaɗin labarin ya yaɗu a bakin mutane masu yawa, amintattu da waninsu.

Saboda haka muka umurci mutumin ya tambayo laƙabin mamacin, da unguwarsu ta asali, da sana'arsa, da tsagar fuskarsa, da malamin da ya yi wa karatu, ya kuma duba ƙarshen littattafan da ya bari, inda marubuta kan sa sunansu da na iyayensu. Muka ce ya hanzarta, gama yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 ya warwatsa dattawa da yawa waɗanda suka riƙe waɗannan labarai da ka.