Giyar Hawan Tudu: Lissafin Da Masu Tallan Keke Ke Tsallakewa

A watan Yunin 2025 kamfanin Shimano na Japan ya fito da sabon samfurin XTR, kayan giyar keken hawan dutse masu aiki da batir ba tare da waya ba. Mujallun keke na Turai da Amurka sun yi ta kururuta shi, har mai karatu zai ɗauka an samo maganin kowane tudu. Amma babban faifansa na baya haƙora 51 ne, daidai da wanda kamfanin ya fitar tun 2018. Ke nan tudun da ya sauke mutum daga sirdi bara zai sake sauke shi bana, ko nawa ya kashe. A shekarar dai, hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta so ta gwada ƙayyade giya mafi nauyi a tseren kan kwalta zuwa mita 10.46 a kowane zagayen feda, kamfanin SRAM na Amurka ya kai ƙara, hukumar kula da gasar kasuwanci ta Beljiyam ta dakatar da gwajin a watan Oktoba. Duk wannan hayaniya a kan gudu ake yin ta. Giya mafi sauƙi, wadda ita ce ke raba mai hawa da mai turawa, ba ta samun ko rabin wannan kulawa.

Lissafin kansa ba wani mai wahala ba ne. A raba yawan haƙoran faifan gaba da na babban faifan baya, a ninka da kewayen taya, sai a sami nisan da keke ke ci idan feda ta zagaya sau ɗaya. Tayar inci 29 kewayenta ya kai kimanin mita 2.3. Idan gaba haƙora 32 ne, baya 42, keken na cin mita 1.75. Idan aka mayar da bayan 51, sai ya sauko zuwa mita 1.44. Gwargwadon raguwar nisan, gwargwadon sauƙin takun. Yawan giya, ko 10 ne ko 12, ba ya cikin wannan lissafi, haka ma batir.

Abin da ya kamata a tambaya shi ne yadda aka yi kekunan zamani suka tsinci kansu cikin ƙarancin giyar hawa. Shekaru da dama keken dutse na zuwa da fayafayai uku a gaba, yawanci masu haƙora 22 da 32 da 44. A 2012 SRAM ya fito da XX1, faifai ɗaya a gaba, 11 a baya daga haƙora 10 zuwa 42. Dabarar tana da amfani na gaske: an cire na'urar sauya giya ta gaba wadda laka ke cushewa, an ƙera haƙoran faifan ɗaya mai kauri ɗaya siriri domin su riƙe kaca kada ta zame a kan gargada, mahayi kuma ya huta da tunanin hannu biyu. Sai dai an biya farashi. Tsohon keke mai tayar inci 26, da faifan 22 a gaba da 34 a baya, yana cin kimanin mita 1.34 ne kawai. Duk ƙarin da aka yi daga baya, haƙora 50 na samfurin Eagle na SRAM a 2016, da 51 na Shimano, da 52 a 2020, ƙoƙari ne na dawo da abin da aka zubar. Har yanzu ma bai dawo duka ba, domin faifan 32 da 52 a kan tayar inci 29 yana cin kusan mita 1.42. Keken gwanjo mai shekara ashirin ya fi sabon fil sauƙin hawa, kuma da wuya ka ji mai talla ya faɗi haka.

Wannan raini da ake wa giya mai sauƙi ya girmi keken dutsen kansa, kuma tarihin ya cancanci a tsaya a kansa. A garin Saint-Étienne na Faransa an yi wani mutum, Paul de Vivie, wanda aka fi sani da Vélocio, haifaffen 1853. Ɗan kasuwar siliki ne da ya koma harkar keke, ya kafa mujallar Le Cycliste a 1887. Garinsa tsaunuka ne suka kewaye shi, don haka ya san da jikinsa cewa giya ɗaya ba za ta yi wa gangare da tudu adalci a lokaci guda ba. Ya shafe shekaru yana gwada dabaru iri-iri, har da keke mai kaca biyu, yana rubutu a mujallarsa yana kira ga matafiya su rungumi sauya giya. Babban abokin hamayyarsa shi ne Henri Desgrange, wanda ya kafa tseren Tour de France a 1903, mutumin da ke ganin sauya giya abin tsofaffi ne, cewa namijin gaske da ƙarfin cinyarsa yake cin tudu. A 1902 ƙungiyar matafiya ta Touring Club de France ta shirya gwaji a tsaunukan Pyrénées, inda wata mata, Marthe Hesse, ta haye mashigin Tourmalet a kan keke mai giya uku. Wannan bai sa Desgrange ya sauya ra'ayi ba. A 1910, lokacin da tseren nasa ya fara ratsa waɗannan manyan tsaunuka, Octave Lapize, wanda ya lashe gasar shekarar, sai da ya sauka ya tura kekensa a ƙasa. Shekaru bayan haka 'yan tsere na tsayawa a gindin tudu su kwance tayar baya su juya ta domin su sami faifai mafi girma. Ba a halatta na'urar sauya giya ga kowa a tseren ba sai 1937, shekara bakwai bayan jirgin ƙasa na cikin gari ya buge Vélocio ya mutu.

Masu yawon shaƙatawa da masu ɗaukar kaya ne suka riƙe giyar hawa duk tsawon wannan lokaci, 'yan tsere suka biyo baya a makare. Haka ma matasan gundumar Marin ta Kalifoniya, su Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly, da suka fara harkar keken dutse a shekarun 1970. Tsofaffin kekuna masu nauyi suke gangarowa da su daga tsauni, kuma abin da ya mayar da wasan nasu keke na gaske shi ne aro giyar matafiya domin su iya hawa da ƙafarsu. Stumpjumper na kamfanin Specialized, wanda ya shiga kasuwa a 1981, da fayafayai uku a gaba ya zo. To, ra'ayin Desgrange bai mutu ba, kaya kawai ya sauya. Shi ne ke sa a ɗora faifan 32 a kan kusan kowane keke, na matashi mai horo da na dattijo mai ciwon gwiwa, kamar duk ƙarfinsu ɗaya.

Ga wanda giyarsa ta gaza, hanyoyi biyu ne a gabansa, kuma ra'ayin wannan maƙala shi ne a fara da ƙaramar. Sauya faifan gaba daga 32 zuwa 28 yana rage nauyin kowace giya da kashi 12.5 cikin ɗari, da ƙarfe guda ɗaya da ɗan rage tsawon kaca. Mai 42 a baya zai sauko daga mita 1.75 zuwa 1.53, mai 51 kuma zuwa 1.26, ƙasa da tsohon keken nan mai fayafayai uku. Abin dubawa shi ne yadda faifan ke ɗaure: mai ƙusoshi huɗu da faɗin milimita 104 ba ya karɓar ƙasa da haƙora 30, mai ɗaurewa kai-tsaye a gindin hannun feda kuwa yana karɓar 28, wani ma 26. Hanya ta biyu, wato ƙara girman fayafayan baya, ta fi bayar da sauƙi, domin daga 42 zuwa 51 ragin ya kusa kashi 18, amma tana jawo 'yan'uwanta. Kowace na'urar sauya giya tana da iyakar faifan da za ta iya hawa, kuma wadda aka ƙera don 42 ba za ta yi aiki lafiya da 51 ba. Sai sabuwar kaca mai tsawo. Sai cibiyar tayar baya, wadda iri uku ce: tsohuwar HG da ke karɓar ƙaramin faifai mai haƙora 11, da XD ta SRAM, da Micro Spline ta Shimano, biyun ƙarshen su ake buƙata idan ana son mai haƙora 10. Mai tsohuwar cibiya yana da mafita mai rangwame, irin su Deore na Shimano mai giya 11 daga 11 zuwa 51, ko Advent X na kamfanin microSHIFT mai giya 10 daga 11 zuwa 48.

Masu suka za su ce ƙaramin faifan gaba yana kashe gudu. Gaskiya ne, amma a auna. Da 28 a gaba da 11 a baya, mai juya feda sau 90 a minti yana gudun kusan kilomita 32 a awa. Da 32 zai yi 36. Kilomita huɗu ne bambancin, kuma a kan hanyar dutse da rairayi mutum nawa ne ke taka feda a irin wannan gudu? Wanda rabin tafiyarsa kwalta ce shi ne ke da hujjar kashe kuɗi a baya, domin ya riƙe duka biyun. Wasu kuma za su ce idan giya ta yi sauƙi haka, gara a sauka a tura. A nan ma lissafi ya fi gardama. Mutum da kekensa da kayansa masu nauyin kilo 100, a tudun da ke tashi mita 15 cikin kowace mita 100, idan giyarsa ta tilasta masa kilomita 6.3 a awa yana buƙatar ƙarfin da ya haura wat 250, abin da mai hawa na yau da kullum ba ya iya riƙewa tsawon lokaci. Idan giyar ta bar shi ya yi 4.5, abin da yake buƙata kimanin wat 190 ne. Kamar tirela ce ɗauke da siminti a hawan Kibo: direba ba ya jin kunyar sa lamba ɗaya, domin da ita injin zai kai sama bai ƙone ba. Turin keke mai kaya a kan tsakuwa kuwa ba hutu ba ne, kuma ya fi wannan jinkiri.

Akwai sukar da ta fi ƙarfi, kuma ba za a kore ta ba. Ƙaramin faifai yana ƙara jan kaca, don haka shi da kacar sun fi saurin cinyewa. A keke mai shokabsoba a baya, girman faifan gaba yana shafar yadda bayan ke motsi yayin taka feda, saboda an zana yawancinsu ne da faifan 30 ko 32 a rai. Sannan idan gudu ya sauko zuwa kilomita 3 ko ƙasa, riƙe daidaito ya zama aiki, tayar gaba na neman ɗagawa. Wannan ya nuna cewa sauƙin yana da iyaka, amma iyakar tana can ƙasa da inda masana'antu ke tsayawa, kuma sayen sabuwar kaca ya fi jinyar gwiwa arha.

Abin takaicin shi ne yadda kwaikwayo ke bin yayin faifai ɗaya a gaba ido rufe. Kekunan gwanjo da ke shigowa kasuwanninmu daga Turai da Japan da yawansu masu fayafayai uku ne, kuma wanda zai cire biyu domin keken ya yi kama da na hoto, ya bar 32 a gaba da 28 ko 32 a baya, ya jefar da giyar da za ta hau da shi tudun Jos ko Mambila. Masu gyaran keke su ne ya kamata su fara hana wannan ɓarna. Masu shago kuma su daina cika wa mai saye kunne da yawan giya. Su tambaye shi inda zai hau da kayan da zai ɗauka, su ƙirga haƙora a gabansa, su faɗa masa mita nawa keken ke ci a giya mafi sauƙi. Mai hawa tudu da kaya ya nemi abin da bai wuce mita 1.4 ba, in kuma gwiwarsa ta fara ƙorafi, ya sauko zuwa 1.25.